Sharhi: Ƙwayoyin Cutar da Darɓa ke Yaɗawa a Gonakin Gyaɗa

Jama'a masu saurare, duk manomin da ya daɗe yana noman gyaɗa a ƙasar Katsina da Daura ya san kuturtar gyaɗa, wadda ke sa shuka ta tsugune, ganye ya murɗe, 'ya'ya su ƙi fitowa. A shekarar 1975 cutar ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya. Ƙwarin darɓa ne ke yaɗa ta, amma su 'yan dako ne kawai. Kayan da suke ɗauka shi ne abin dubawa.

Akwai wani rukunin ƙwayoyin bairas da masana suka daɗe suna kira Luteoviridae, waɗanda suka haɗa da masu naɗe ganyen dankalin turawa da masu sa alkama ta yi rawaya. Kowace ƙwaya dunƙulalliya ce mai fuska 20, faɗinta nanomita 25 zuwa 30 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma ɓawonta an gina shi ne da guntayen furotin 180. A cikinsa akwai zare ɗaya na RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin gadon ƙwayar, mai haruffan gado ƙasa da 6,000. Ba sa zama ko'ina a jikin shuka sai cikin jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye, wato daidai inda darɓa ke soka baki ta tsotsa. Daga hanjinta ƙwayar ke ratsawa zuwa miyaunta ba tare da ta hayayyafa ba, kuma wani furotin da ke jikin ɓawon ne ke buɗe mata wannan hanya.

Abin mamakin shi ne, kuturtar gyaɗa aikin abubuwa uku ne. Bairas ɗin kuturtar kansa ba shi da umarnin gina ɓawo a cikin gadonsa, don haka darɓa ba ta iya ɗaukarsa tsirara. Tare da shi akwai wani ɗan guntun RNA mai haruffa kimanin 900, wanda shi ne ke haddasa alamun da manomi ke gani. Na ukun, bairas ne ɗan rukunin Luteoviridae ɗin nan, wanda shi kaɗai ba ya nuna wata alama, amma shi ke ara wa sauran biyun riga su shiga cikin darɓa.

A ganinmu, wannan bayani bai kamata ya tsaya a ɗakin bincike ba. Tunda cutar ba ta bin iri, zargin irin da aka saya a kasuwa ɓata lokaci ne. Abin da malaman gona ya kamata su nanata shi ne shuka da wuri, da matse shuka domin darɓa ta fi sauka inda gona ke da fili, da tuge gyauro, da kuma neman iri mai jurewa kamar SAMNUT 24 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar.