Intel: gobarar Titi ce, ko gobara ce kawai?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa shiga shagunan kwamfuta na Samaru ko na PZ ya san 'yar takardar nan mai ruwan shuɗi da ke manne kusa da madannai, an rubuta Intel a kanta. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello in ya zo sayen laftof ta gwanjo, ita yake fara dubawa. Ya ga Core i5 ce ko i7, sannan a shiga ciniki. Kamfanin da ke ƙera wannan ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda aka kafa a Amurka a 1968, ya shiga halin ni-'yasu.

A 2024 kaɗai ya yi asarar kusan dala biliyan 19. Ya sanar da sallamar ma'aikata kimanin 15,000, ya daina raba riba ga masu hannun jari, shugabansa Pat Gelsinger ya sauka a watan Disamba. Shi kuwa kamfanin Nvidia, wanda da can 'yan wasan kwamfuta ne manyan masu sayen kayansa, darajarsa ta haura dala tiriliyan 4 a watan Yulin 2025, saboda da irin ƙwaƙwalwarsa ake horar da ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT.

To sai ga wasu masu sharhin kasuwa suna cewa ai wannan koma-baya gobarar Titi ce, gaba za ta kai Intel. Hujjarsu ita ce kuɗin da ake zubawa a ƙirƙirarriyar basira ya wuce hankali, kuma ranar da kasuwar ta fashe, wanda ya hau sama shi zai ji jiki. Maganar tana da tushe. A ranar 27 ga Janairun 2025, bayan da kamfanin DeepSeek na Sin ya fito da manhajar da ya ce bai kashe kuɗi mai yawa a kanta ba, darajar Nvidia ta zube da kusan dala biliyan 600 a yini guda. Manya kuma ba su manta da shekarar 2000 ba, lokacin da kasuwar kamfanonin intanet ta rushe, kamfanin Cisco mai ƙera na'urorin haɗa intanet ya rasa sama da kashi 80 cikin 100 na darajarsa.

Duk da haka ni ban yarda ba, kuma manoman fadamar Galma za su gane dalilina. A shekarar da kowa ya dasa tumatir, kwando ya faɗi warwas, ana zubar da shi a bakin titi, wanda ya tsaya a kan masararsa da gangan ana iya cewa ya yi hangen nesa. Amma wanda ya ci bashi ya sayi injin ban-ruwa, ya yi rainon tumatir ɗin, ya dasa, tsutsa ta cinye, shi ba hangen nesa ya yi ba. Bashin injin yana nan a wuyansa, ko kwando ya yi tsada ko ya yi araha.

Intel shi ne na biyun. Ya nemi shiga kasuwar ƙirƙirarriyar basira, har ya sayi kamfanin Habana na Isra'ila a 2019 a kan dala biliyan 2, ya fito da ƙwaƙwalwa mai suna Gaudi, amma ko cinikin dala miliyan 500 da ya sa wa kansa a 2024 bai kai ba. Ga bashin injin kuma: sababbin masana'antu masu cin biliyoyin daloli da ya faro domin ya yi gogayya da TSMC na Taiwan, kamfanin da ke ƙera wa sauran kamfanoni ƙwaƙwalwa. Na Jamus da Folan ya fasa, na jihar Ohayo ya ɗage. Waɗannan masana'antu in ba su samu masu kawo musu aikin ƙira ba sai su zama kaya, kuma masu kawo aikin mafi tsoka su ne dai kamfanonin ƙirƙirarriyar basirar. In rumfarsu ta kama da wuta, tasa ma tana layin.

Ba yau ya fara makara ba. Wani tsohon shugabansa, Paul Otellini, ya amsa da bakinsa cewa sun bar damar yi wa iPhone ƙwaƙwalwa. A 2020 Apple ya fara cire Intel daga kwamfutocinsa.

Abin da ya riƙe Intel a tsaye wani abu ne daban. Shi ne kamfanin Amurka guda da har yanzu yake ƙera irin wannan ƙwaƙwalwa ta zamani a masana'antar kansa, Amurka kuwa tana fargabar dogaro da Taiwan, tsibirin da Sin ke cewa nata ne. Shi ya sa a watan Agustan 2025 gwamnatin Donald Trump ta karɓi kimanin kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa, wata guda bayan haka Nvidia da kansa ya ce zai zuba masa dala biliyan 5. Wato wanda ya kayar da kai ne ya miƙo maka hannu. Wannan gata ne na siyasa da tsaro.

Mu a nan Zariya, ta wata ƙofa zancen ya shigo mana. Makon jiya na kai laftof ɗina wurin wani yaro mai gyara a Samaru, ya kwance bayanta, ya zaro 'yar siririyar ma'ajiyar nan da suke kira ram, ya ce ta gaji, a ƙara wata. Da ya faɗi kuɗi na ce, "Kai ɗan'uwa, dala ce kuma?" Ya ce, "A'a Malam, wannan karon kayan ne babu." Gaskiya ya faɗa. Tun ƙarshen 2025 farashinta ya tashi a duniya, domin Samsung da SK Hynix da Micron sun karkata ga manyan rumbunan ƙirƙirarriyar basira, inda riba ta fi. Na ce ya mayar da tsohuwar, ya ɗaure, na saɓa jakata na kama hanyar Kwangila.