Manmohan Singh, ministan kuɗin Indiya da ya tarar da baitulmali kusan wayam

A watan Yulin 1991 aka loda tan 47 na zinariyar Indiya a jirgin sama aka kai Bankin Ingila jingina, don ƙasar ta samu abin biyan bashi. Watanni biyu kafin haka, tan 20 sun riga sun tafi wani banki a Siwizalan. A ƙasar da uwa ba ta fitar da zinariyar aurenta sai wuri ya ƙure, wannan labari ya taɓa mutane ƙwarai.

Yaya aka kai ga haka? Shekara da shekaru gwamnati tana kashe abin da ya fi ƙarfin aljihunta, tana cike giɓin da bashi. Sai Iraƙi ta mamaye Kuwait a Agustan 1990. Farashin mai ya tashi, dubban Indiyawa masu aiki a can suka dawo gida, kuɗin da suke aikowa ya yanke. Ajiyar kuɗin waje ta sauka zuwa wajen dala biliyan 1, abin da bai wuce sayayyar makonni kaɗan ba. A fagen siyasa kuma gwamnatoci biyu suka faɗi cikin 'yan watanni, aka kashe tsohon firaminista Rajiv Gandhi ranar 21 ga Mayun 1991, ana tsakiyar zaɓe.

A cikin wannan hali sabon firaminista Narasimha Rao, wanda ba shi da rinjaye a majalisa, ya damƙa ma'aikatar kuɗi ga Manmohan Singh, tsohon gwamnan babban banki, mutumin da bai taɓa tsayawa takara ba. Cikin kwana uku, 1 da 3 ga Yuli, aka karya darajar rupi, kuɗin Indiya, sau biyu. Ranar 24 ga Yuli Singh ya gabatar da kasafin kuɗinsa, a ranar kuma aka soke dokar neman lasisi kafin kafa masana'anta, ban da fannoni 18, aka ba baƙi damar mallakar kashi 51 cikin ɗari a wasu masana'antu.

Amma inda aka yi ta ta ƙare shi ne takin zamani. Singh ya ƙara farashinsa da kashi 40 don rage tallafi. 'Yan majalisar jam'iyyarsa ta Congress suka yi masa ca, domin su ne za su koma ƙauyuka su haɗa ido da manoma. Kuma suna da gaskiya, manomin da bai ci bashin ba shi aka fara cewa ya biya. Rao ya bar su suka amayar da fushinsu, sannan aka rage ƙarin zuwa kashi 30, aka keɓe ƙananan manoma. A ganina wannan sassauci ne ya ceci sauran shirin gaba ɗaya.

Rikici bai ƙare ba. A 1992 badaƙalar wani dillali mai suna Harshad Mehta ta girgiza kasuwar hannun jari, a Disamba aka rushe Masallacin Babri, jini ya kwarara. Da kwamitin majalisa ya soki ma'aikatar kuɗi kan waccan badaƙala a ƙarshen 1993, Singh ya miƙa takardar murabus, Rao ya ƙi karɓa.

Zuwa 1995 ajiyar waje ta haura dala biliyan 20, zinariyar da aka kai Ingila kuma an daɗe da fanso ta. Duk da haka a zaɓen 1996 masu ƙuri'a suka kayar da Congress.