Ramnon Leda: Yadda Buntun Shinkafa Ke Ƙarfafa Ledar Rogo

Ka taɓa ganin magini yana kwaɓa ƙasa? Sai ya watsa ramno ya tattake sosai. In babu ciyawar nan, katanga na bushewa za ta tsattsage. Wannan dabarar ce masu bincike suka kawo cikin harkar leda.

Ana iya yin leda da sitacin rogo. A dama shi da ruwa a wuta, a zuba ɗan gilisarin, wani ruwa mai kauri da zaƙi, don ya yi laushi, a shimfiɗa siriri ya bushe. Irin wannan ledar ruɓewa take a ƙasa, ba ta toshe kwata shekara da shekaru, ba ta taruwa a tumbin saniya. Rogo kuwa, babu ƙasar da ta kai Najeriya noma shi a duniya.

Sai dai raguwa ce. Ka ja, ta yage. Danshi ya taɓa ta, ta saki jiki.

Ramnonta shi ne selulos, zaren da ke tsayar da kara a gona. Wajen kashi ɗaya bisa uku na buntun shinkafa selulos ne, a tuƙar rake kuma ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Buntun nan dai da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Kura, a cinna masa wuta.

Da farko a tafasa buntun cikin ruwan sodar yin sabulu, ya narkar da lignin, wato ƙaron da ya manne zaren. A wanke, a mai da shi fari, sannan a jiƙa cikin asid mai ƙarfi har ya gutsuttsure ya zama 'yan allurai da ido ba ya gani. Su ake zubawa cikin kunun sitacin.

Me ya sa suke kama juna? Don 'yan gida ɗaya ne. Da sitaci da selulos duk sarƙar sukarin gulukos ne, ɗaurin kawai ya bambanta. Ledar sai ta ƙara jure ja, tururin ruwa kuma sai ya sha kwana kafin ya ratsa ta.

Kaɗan ake sawa, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. In aka cika hannu, zaren ya yi gudaji, nan ledar za ta fara ɓarkewa. Kuma kada mu ruɗi kanmu: za ta ɗauki garin kwaki ko gyaɗa, amma ruwan leda da kokon safe har yanzu sun fi ƙarfinta.