Darasi: hostin da kilawud, a ina suka haɗu, wanne zan kama wa shagona?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Jidda. Yalla mu shiga kai tsaye, don tambayar nan ta yi yawa tun bayan sallah, wai malam hostin da kilawud abu ɗaya ne ko kowa da gidansa.

Shafinka dai fayiloli ne, kuma dole su zauna a kan wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, ita ce saba. Hayar wurin zaman nan ita ce hostin, halas. Kilawud kuwa salo ne na hayar kwamfutar kanta, ka ɗauka da kanka a kan allo, ka ƙara mata ƙarfi yau ka rage gobe, a caje ka gwargwadon awannin da ta yi tana aiki. Amazon ne suka fito da shi kasuwa sosai a 2006 da S3 na ajiyar fayiloli da EC2 na hayar saba, daga baya Google da Microsoft suka biyo. To ɗora shafi ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan da ake yi a can, wani ajiyar bayanai yake yi, wani manhajar banki yake tafiyarwa. Abin da mutane ba su lura ba shi ne kamfanonin hostin da yawa su ma a kilawud ɗin suke kama haya, su yanka ƙanana su ɗora cPanel, allon da kake sarrafa shafinka da shi, a kai su sayar maka, ya'ani mai yiwuwa kana ciki tuntuni ba ka sani ba.

Duk wanda ya taɓa shiga masaukin alhazai a Misfala zai gane hostin na haɗaka, gado shida banɗaki ɗaya, ga araha amma in mutum ɗaya ya daɗe a ciki kowa sai ya jira. VPS ɗakinka ne kai kaɗai a cikin ginin, da makullinka. Kilawud kuma yau ka kama ɗaki ɗaya, baƙi sun zo ka ƙara huɗu, sun tafi ka mayar.

Akwai wata Hajiya da nake kula wa da shafi, abaya da turare take sayarwa wajen Bab Makka, duk shekara shafin shiru, sai goman ƙarshe na azumi wani bidiyonta ya zagaya a TikTok, mutane daga Kano da Maraɗi suka yi caa a kai, shafin ya fara nuna lamba 508, wato ta cinye kason da kamfanin hostin ɗinta ya ware mata. Irin wannan kasuwa mai tashi da sauka da Umara da Hajji ita ce kilawud ya dace da ita. Amma kai Alhaji da mutum ashirin ke leƙa shafinka a wuni, don Allah zauna inda kake, domin a kilawud babu mai sabunta maka saba, babu mai yi maka ajiyar ko-ta-kwana sai ka saita da kanka.

Dayyib, ga allona. Na ɗauka kowa na da asusun AWS, wato kilawud ɗin Amazon, kuma ya iya ɗora WordPress, manhajar gina shafi, ba zan maimaita ba. A sama ta hannun dama ake zaɓen yanki, wato inda sabarka za ta zauna a duniya. Amazon sun buɗe na Bahrain a 2019, Oracle na da nasu a nan Jidda tun 2020, Google kuma Dammam a 2023. Sai dai a tambayi kai, masu sayen suna ina? Na Hajiya yawanci Najeriya da Nijar suke, kuma manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Legas Turai suka nufa, shi ya sa ni Landan nake zaɓar mata. In kuma bayanan mazauna ƙasar nan kake karɓa, lambar iƙama da fasfo, to akwai dokar kare bayanai da ta fara aiki a Satumban 2023, a karanta ta kafin a kai bayanan mutane waje.

Yanzu ga wurin da nake so a buɗe kunne. Kun ga lambar nan, adireshin IP na sabar? Ita ce za mu kai wa domen, wato sunan shafinka da mutane ke rubutawa a burauza. To amma wannan ta aro ce. A hostin na haɗaka ba ruwanka da ita, kamfani ya riga ya haɗa komai, a nan kuwa in ka danna Stop ka sake tayar da injin, sai a ba ka sabuwar lamba, domen ɗinka na can yana nuna tsohuwa, shafi ya ƙi buɗewa kai kuma kana ta zagin WordPress alhali lafiyarsa ƙalau. Na sake faɗa, kashewa da kunnawa ke canza ta, Reboot ba ya canzawa. Maganin shi ne Elastic IP, wato lamba taka da ba ta canzawa. Mu gangara ta hagu... a'a ba nan ba, wannan na diski ne, ƙasa kaɗan, yauwa. Ka karɓi lamba, sannan ka ɗaura ta a kan injinka, matakai biyu ne, mutane na yin na farko su manta na biyu. Ba kyauta ba ce, tun Fabrairun 2024 ana cajin dala 0.005 a awa, a wata wajen dala 3.6, a canjin 3.75 riyal goma sha uku da rabi ke nan, bai kai kuɗin kabsa ba.

Sai mu koma inda muka sayi domen, rikodin A, wato layin da ke haɗa domen da lambar IP, mu liƙa sabuwar lambar, ɗaya na @, wato domen ɗin tsura, ɗaya na www. TTL, wato tsawon lokacin da ake riƙe adireshi kafin a sake dubawa, ni 300 nake sa wa, minti biyar ke nan, don in an yi gyara ya kama da wuri. In bai buɗe a kwamfutarka ba gwada da jawwal, wato wayar hannunka, a kashe wayfay, sau da yawa tsohon adireshi ne ya maƙale.

 

Saura maganar kuɗi. Hostin farashinsa a yanke yake, ka biya na shekara ka huta. A kilawud kuwa mita ce ke gudu, ko ka kashe injin diskin na ci gaba da cin kuɗi, bayanan da ke fita zuwa wayoyin masu kallo su ma in sun wuce kason kyauta ana caji, to mai bidiyo da manyan hotuna ya yi hattara. Shiga Budgets ka sa iyaka, ni zan sa dala 20, ka rubuta imel ɗinka. Amma fa saƙo kawai zai turo maka, ba zai kashe komai ba, don haka a sa imel ɗin da ake dubawa kullum. Bari in sabunta shafin mu gani... yauwa ya hau, sai dai burauza na cewa ba tsaro, takardar tsaro ta Let's Encrypt ce ba mu sa ba, kyauta ce, ita za mu yi a darasi na gaba in sha Allahu.