Kwana Uku a Hermanus Ga Wanda Ba Ya Shan Giya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau a Afirka ta Kudu muke, can ƙasan taswira, wani ƙaramin gari a bakin teku sunansa Hermanus, wajen kilomita 120 daga Cape Town, tafiyar awa ɗaya da rabi kenan a mota in hanya ta yi kyau. Yankin ya yi suna da gonakin inabi da giyar da ake yi da shi, shi ya sa da yawa daga cikin mutanenmu da suka je Cape Town karatu ko taro ko neman magani, da an ce musu a je can sai su ce a'a, me zai kai ni garin mashaya. Toh ni dai na je, na kwana uku a gidan saukar baƙi, ban kurɓi komai ba sai shayi da ruwan tuffa, kuma wallahi lokaci ne ya yi min kaɗan. Abin da zan nuna muku kenan.

Fara da hanyar ma tukuna. Hanya biyu ce daga Cape Town. Akwai babban titin N2 da ke haura dutse ta Sir Lowry's Pass ya ratsa Elgin, ƙasar tuffa, can ne asalin lemon nan Appletiser, kuma a gefen titi akwai shagunan gona da suke kira padstal, za ka samu burodi mai zafi da busassun 'ya'yan itace da ruwan tuffa da aka matse. Wannan ita ce ta sauri. Amma in ba sauri kake ba dan Allah ka bi R44, wadda ake kira Clarence Drive, ta tashi daga Gordon's Bay ta bi gindin dutse, dutse a hagunka teku a damanka, kwana bayan kwana, akwai wuraren fakin da aka ware don a tsaya a kalla. Fursunonin yaƙi 'yan Italiya na cikin waɗanda suka gina ta lokacin yaƙin duniya na biyu. Ka dai tuna a hannun hagu suke tuƙi, sitiyari a dama, ranar farko sai ka natsu sosai musamman a shataletale.

A kan wannan hanyar ne za ka iske Betty's Bay, inda tsuntsayen fengwin suke a Stony Point. Da can wurin tashar yanka manyan kifaye ce, aka rufe ta, daga baya a 1982 tsuntsayen suka zo suka mai da shi gida. An shimfiɗa hanyar katako ka bi ta tsakaninsu, ga su nan dab da ƙafarka, baƙi da fari, suna tafiya dagwas-dagwas, in suka yi kuka kuwa ka rantse jaki ne. Warin kashinsu ma sai ka daure. Kada ka kai hannu, bakinsu na da kaifi. Abin da ya taɓa min zuciya shi ne a 2024 an saka su cikin halittun da ke dab da ƙarewa, babban dalili kuwa ƙananan kifayen da suke ci sun yi ƙaranci a tekun. Yaro in ya gansu ba zai manta ba.

Yanzu mun iso masauki. Gidajen saukar baƙi a nan yawanci gidan mutum ne aka gyara, ɗaki biyar ko shida, mai gidan ko matarsa su ne za su tarbe ka, su ne kuma za su haɗa maka karin kumallo. Toh shawarata tun kafin ka biya kuɗi ka tura saƙo ka faɗa musu kai Musulmi ne, ba ka cin alade ba ka shan giya, domin al'adarsu ce su ajiye wa baƙo kwalba a ɗaki a matsayin sannu da zuwa, kuma karin safensu ba ya rasa naman alade. Ba wai wulaƙanci ba ne, karamcinsu kenan, kuma sun saba da Musulmi tunda Cape ɗin cike take da su, da ka faɗa za su musanya da ruwan inabi. Inda na sauka matar gidan har kasko daban ta ware min na soya ƙwai, ba tare da na roƙa ba. Abu na biyu alƙibla. Mu a gida mun saba da an ce salla sai a fuskanci gabas, a nan kuwa alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan, don haka ka duba wayarka kada ka bi sabo. Abu na uku ka rufe taga in za ka fita, akwai gwaggon biri da ke saukowa daga dutse, sun iya buɗe firij, kuma laifi ne a ba su abinci.

Toh mu je ga babban dalilin zuwa. Wel. Muna ce masa kifi saboda a ruwa yake, amma haihuwa yake yi yana shayar da ɗansa nono, kuma iska yake shaƙa kamar mu. Irin da ke zuwa nan tsawonsa na kai mita 15, nauyinsa tan 40 zuwa sama. Daga ruwan sanyi na can wajen Antaktika suke tasowa duk shekara, su zo wannan lungun teku da ake kira Walker Bay su haihu su yi raino, daga wajen watan Yuni har zuwa Nuwamba, an fi ganinsu a Satumba da Oktoba. Kuma abin mamaki duk watannin da uwar za ta yi a nan kusan ba ta cin komai, kitsen da ta tara a can kudu shi take ƙonawa tana shayarwa.

Abin da ya bambanta Hermanus da sauran wurare shi ne ba sai ka shiga jirgin ruwa ba. Garin a kan gaɓar dutse yake, ruwan da ke ƙasa yana da zurfi, don haka suna matsowa kusa ƙwarai. Akwai hanyar ƙafa da ta bi bakin dutsen kusan kilomita 12, daga sabuwar tashar jiragen ruwa har wajen rairayin Grotto, kyauta ce, da benci-benci na zama. Na fita bayan asuba da rigar sanyi da kofin shayi a hannu, na zauna kusan minti arba'in ban ga komai ba sai rema suna shan hantsi a kan duwatsu, har na fara tunanin tashi, kawai sai na ji fuuu, kamar an sace iskar tayar babbar mota. Na waiga, ga feshin ruwa ya tashi ya rabu biyu, ga wani baƙin baya sumul babu ƙaya a kansa yana juyawa a hankali, kan nan duk farin ƙurji-ƙurji, sai ga ɗan ƙarami ya ɓullo a gefenta yana goga jiki. Ƙaramin ma ya fi mota tsawo. Ban san lokacin da na ce Subhanallah da ƙarfi ba, sai ƙissar Annabi Yunus ta faɗo min a rai. Wannan farin ƙurjin da ke kansu kowanne da irin zanensa, da shi masu bincike ke gane wannan daga wancan.

Garin har sanƙira gare shi na musamman. Tun 1992 akwai mutumin da aikinsa ya zaga bakin teku da ƙaho da aka yi da busasshiyar ciyawar ruwa, in ya hango wel sai ya busa, mutane su ruga. In ka ji busa ka bi jama'a kawai. Mai son ya matsa kusa akwai jiragen da ke tashi daga sabuwar tasha, masu lasisi, domin doka ta hana wanda ba shi da izini ya kusance su ƙasa da mita 300. Amma ka sha maganin amai tun kafin ka hau, tekun nan ba kogin Kwara ba ne, kuma in iska ta tashi sokewa suke yi, shi ya sa nake cewa ka saka jirgi a rana ta farko, in an soke kana da gobe.

Gonakin inabin fa? Ga su nan bayan gari, a wani kwari da ake kira Hemel-en-Aarde, da harshen Afirkans ma'anarsa sama da ƙasa, titin R320 ne ya ratsa shi. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara dasa inabi a nan gadan-gadan, dalili kuwa iskar teku mai sanyi da ke shigowa kwarin tana sa inabin ya nuna a hankali, ga ƙasar mai yumɓu tana riƙe laima. Ni ban shiga ɗakin ɗanɗano ba kuma ba zan ce wa kowa ya shiga ba, ba teburinmu ba ne. Amma na bi titin a mota da yamma, layin inabi ya miƙe kamar an ja da zare har gindin dutse, duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai tsaya ya kalli yadda ake ɗaure reshe a waya da yadda ake ban ruwa ɗigo-ɗigo. Akwai hanyoyin keke a kwarin, ana ba da hayar keken a gari. Girbi daga ƙarshen Janairu ne zuwa Maris.

Sai dai kyan wurin kada ya rufe mana ido. Gonakin inabi na Cape da gumin bayi aka kafa su tun zamanin Turawan Holan, bayan an 'yanta bayin kuma sai aka shiga biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, abin da suke kira dop. Doka ta hana a farkon shekarun 1960 amma aka ci gaba a wasu gonakin har shekarun 1990, kuma har yau illar shaye-shayen tana bin 'ya'ya da jikoki a unguwannin ma'aikata. Wannan kwarin kansa a ƙarni na 19 nan ake killace kutare kafin a kwashe su zuwa tsibirin Robben. In ka ga mai yi maka hidima a masauki ko gidan abinci, ka san daga inda da yawansu suka fito, ka kyautata, ihsanin kashi 10 cikin 100 na kuɗin abinci shi ne al'ada a can.

Rana ta biyu ka hau dutse. Fernkloof na nan a bayan gari, minti kaɗan a mota, dajin gajerun itatuwa ne da suke kira fynbos, kallon farko za ka ce sabara ce kawai, sai ka durƙusa ka ga furanni iri-iri, sama da nau'i dubu a wannan ɗan wurin kaɗai. Yankin Cape gaba ɗaya yana da tsirrai kusan nau'i 9,000, mafi yawansu babu su a ko'ina a duniya sai nan. Kuma wasu irin nasu ba sa tsirowa sai gobara ta bi ta kansu hayaƙi ya taɓa su. Daga sama za ka ga gari da teku duka a tafin hannunka. Ka tafi da ruwa da hula, kada ka tafi kai kaɗai.

In kana da ƙarfin hali, Gansbaai na gaba kamar kilomita 45, inda ake saka mutum a kejin ƙarfe a zura shi ruwa ya ga kifin shak. Ka sani dai tun wajen 2017 manyan fararen shak ɗin sun ragu sosai a wurin, galibi wani nau'in ake gani yanzu, kada hoton talla ya ruɗe ka. Ni na fi son a ƙara gaba zuwa Cape Agulhas, ƙarshen nahiyar Afirka ta kudu, inda aka ja iyakar tekun Atlantika da na Indiya. Ka tsaya ka juya wa ruwa baya, Afirka duka tana gabanka.

Maganar abinci, kifi shi ne mafita, sabo ne kuma ko'ina akwai, ka dai tambaya ko an saka giya a miya ko a ƙullun suya, domin suna yi. Nama kuwa ka nemi tambarin MJC ko SANHA, hukumomin da ke tantance halal a can, a jikin leda, in masaukin na da wurin gashi a tsakar gida, wanda kusan kowanne yana da shi, ka sayo ka gasa abinka, ka zo da yajinka daga gida. Ranar Asabar da safe akwai kasuwar manoma. Lokacin zuwa kuma ka tuna komai a juye yake, Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama, Disamba zafi ne da iska mai ƙarfi, gari ya cika farashi ya hau, magariba sai wajen takwas na dare, wel kuma sun tafi. Ni Satumba zan zaɓa.

Ranar komawa kada ka wuce kai tsaye filin jirgi. Bayan Somerset West akwai wani wuri Macassar, ka ratse. A kan wani tudun yashi kusa da bakin kogin Eerste akwai wata ƙubba, makwancin Shehu Yusuf ne, malami daga Makassar ta ƙasar Indonesiya, wanda ya yaƙi Turawan Holan suka kama shi suka kai shi Silon, wato Sri Lanka ta yau, daga nan suka kawo shi nan a 1694 da mutanensa 49, suka ajiye shi a gonar Zandvliet nesa da gari don kada ya haɗu da bayi. Bayin da suka gudu kuwa wurinsa suka riƙa zuwa, ana lissafa shi cikin waɗanda suka dasa Musulunci a ƙasar, ya rasu a 1699. Na cire takalmi na shiga, ƙamshin turare, shiru sai iskar teku, wata tsohuwa a gefe da jikokinta tana jan carbi, na yi sallama ta amsa min cikakkiya har wa barakatuhu. Na yi masa addu'a na fito. Daga nan zuwa filin jirgi bai fi minti ashirin ba, amma ka ba kanka awa guda saboda cunkoson N2 da yamma.