Sharhi: Dokar ƙarshe a dokokin zaure da ikon da take ba admin

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi duk wanda yake cikin wani zaure na WhatsApp, Facebook ko Telegram, na tsofaffin ɗalibai ne, na masallacin unguwa, na 'yan kasuwa ko na dangi. In zauren ya rubuta dokokinsa, duba can ƙasa. Galibi za ka tarar da wata doka mai cewa admin yana da ikon goge kowane saƙo ko cire kowane mutum idan ya ga hakan ne maslahar zaure, kuma magana ta ƙare daga gare shi. Dokokin sama, irin su hana zagi da hana talla, ba su cika haddasa rigima ba. Wannan ta ƙarshe ce take raba zumunci.

Ba ma cikin masu cewa a soke ta. Facebook ya ƙayyade adadin dokokin da za a rubuta wa zaure, dandalin tattaunawa na Reddit kuma 15 kawai yake bari, amma ko da ɗari aka ba da dama ba za su ƙare halin ɗan Adam ba. An hana zagi, sai mutum ya koma habaici, ko ya riƙa liƙa hoton jaki a ƙarƙashin duk saƙon da abokin gabarsa ya turo. An hana talla, sai ya kawo ta da sunan shawara, da lambar waya a ƙarshe. Ba wanda ya tuna ya rubuta cewa kada a saka hoton wanda ya rasu a haɗarin mota kafin a sanar da iyalinsa, sai ranar da aka saka. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, na Telegram har 200,000, kuma cikin 'yan mintoci an kwashe hoton an tura wasu wurare. Admin da zai tsaya neman lambar dokar da aka karya a wannan lokaci ya yi sakaci da amanar da aka ba shi.

Matsalar tana farawa ne daga sauƙin amfani da dokar. Idan admin zai hukunta mutum da dokar hana zagi, sai ya nuna zagin. Idan da dokar ƙarshe ce, ba ya buƙatar nuna komai. Sannu a hankali sai ta haɗiye sauran, ya zama kowane hukunci ita ake jingina wa. Daga nan sai mutum biyu su yi abu iri ɗaya, a yi wa wanda admin ya sani uzuri a ce raha yake yi, a fitar da wanda bai sani ba. Ba lallai admin ya yi niyyar zalunci ba. Yana fassara maganar wanda ya sani ne da abin da ya sani na halinsa, baƙo kuwa ba shi da wannan gata. Amma abin da jama'a suke gani shi ne 'yan mowa da 'yan bora. Masu mutunci sai su yi shiru domin ba su san inda iyakar take ba, masu zafin kai su buɗe wani zaure su ja rabin mutane. A lokacin zaɓe ko muhawarar malamai abin ya fi muni, domin shi kansa admin yana da ɓangare.

Wannan ciwo bai tsaya kan ƙananan zauruka ba. A watan Janairun 2021, bayan harin da aka kai majalisar dokokin Amurka, Facebook ya dakatar da shafin Donald Trump ba tare da wa'adi ba. A watan Mayu kwamitin sa ido da kamfanin ya kafa ya amince cewa dakatarwar ta dace, amma ya ƙi yarda da hukuncin da ba shi da ranar ƙarewa, wanda kuma ba ya cikin rubutattun hukunce-hukuncen kamfanin. A watan Yuni aka mayar da shi shekara biyu. A Najeriya ma, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya yi amfani da kalmomi masu faɗi irin su ɓata rai da cin fuska, aka riƙa kama 'yan jarida da shi. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 a gyara shi, aka taƙaita shi a 2024. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan fage: akwai haddi mai ƙayyadadden hukunci, akwai ta'aziri da aka bar wa alƙali, amma barin da aka yi masa bai ɗauke masa sauraron wanda ake tuhuma, da neman hujja, da auna hukunci daidai da laifi ba.

To yaya za a ɗaure wannan iko ba tare da an karya shi ba? A fara da yadda aka rubuta dokar. Maimakon "admin zai yi abin da ya ga dama", a faɗi abin da ake karewa: admin zai iya ɗaukar mataki kan abin da ba a ambata ba idan yana barazana ga rai, mutunci ko dukiyar wani, ko yana hana zauren aikin da aka buɗe shi dominsa. Da wannan, akwai ma'aunin da za a tambayi admin da shi.

Abu mafi muhimmanci a ganinmu shi ne a raba hukuncin saƙo da hukuncin mutum. Goge saƙo a bar wa kowane admin shi kaɗai, nan take, domin gaggawa ce, kuma in an yi kuskure mai saƙon zai iya sake turowa. A WhatsApp admin yana da kimanin kwana biyu da rabi ya goge saƙon wani, kuma kowa zai ga sunan wanda ya goge. Cire mutum kuwa kada a bar wa hannu ɗaya. Zaure ya kasance da admin uku aƙalla, biyu su amince kafin a fitar da kowa da dokar ƙarshe. Wanda ake rigimar da shi kada ya zama mai hukunci. Wikipedia ta Ingilishi tana da wannan ƙa'ida ga masu kula da ita, kuma ita ce ta fi wahalar bi, domin mutum a cikin fushi gani yake shi ya fi kowa fahimtar laifin. Togaciya uku ce kawai ba ta jira: barazanar kisa, hoton batsa na yara, da ɗan damfarar da ke neman a turo masa lambobi shida na tabbatar da asusu. Waɗannan a fitar da su tukuna, bayani ya biyo baya.

Tsakanin gogewa da kora akwai matakai, kuma kowane a sa masa wa'adi: gargaɗi a keɓe, dakatarwar awa 24, sannan ta mako ɗaya. Facebook da Telegram suna bari a hana mutum ɗaya magana zuwa wani lokaci, Telegram kuma yana da tsarin da ke tilasta tazara tsakanin saƙo da saƙo, wanda yake sanyaya muhawara ba tare da an taɓa kowa ba. WhatsApp ba shi da hanyar rufe bakin mutum ɗaya. Sai dai a fitar da shi a faɗi ranar dawowarsa, ko a kulle zauren ya zama admin kaɗai ke magana. Kullewa hukunci ne a kan kowa, saboda haka kada ta wuce 'yan awoyi, kuma a sanar da lokacin buɗewa.

Sai ajiye shaida, inda akasarin zauruka suke faɗuwa. Da zarar an goge saƙo, hujjar ta tafi da shi, gobe mai laifi ya rantse ba haka ya faɗa ba. Telegram awa 48 kawai yake riƙe tarihin abin da masu kula suka yi, WhatsApp kuwa ba shi da irin wannan kundi. A ɗauki hoton allo kafin gogewa, a ajiye a ƙaramin zauren masu kula, tare da kwanan wata da dalili a layi ɗaya. Abin da ya shafi tsiraicin yara ne kaɗai ba a ɗauka ba a ajiyewa. Shi ana kai rahotonsa ne ga kamfanin manhajar da kuma hukuma.

Ƙa'idojin Santa Clara da masana da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka fitar a 2018 sun nemi manyan kamfanoni su bayyana adadin abin da suka cire, su sanar da wanda aka hukunta, su ba shi damar ɗaukaka ƙara. Ƙaramin zaure ma zai iya. A gaya wa mutum wane saƙo ne, me ya sa, har zuwa yaushe, kuma wa zai kai wa kuka. Wanda aka fitar ba ya iya magana a cikin zaure, don haka a rubuta tun farko a bayanin zaure wanda za a tuntuɓa, ba wanda ya yanke hukuncin ba, a ba shi kwana bakwai ya ba da amsa.

Idan shaidar da masu kula suka ajiye ta nuna an yi amfani da dokar ƙarshe sau uku kan abu iri ɗaya, abin ya daina zama ba-zata. A rubuta shi doka mai zaman kanta, a sanar da jama'a ranar da za ta fara aiki. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 36, ya hana hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi. Wannan sashe bai hau kan zauren WhatsApp ba, amma ya kamata masu kula su ɗora wa kansu shi: sabuwar doka ta fara daga ranar da aka sanar, wanda kuma aka dakatar kafin a rubuta ta a sake duba lamarinsa, in goge saƙo ya wadatar a mayar da shi zaure.