Fadar Masu Wasa: Kiwon dodanni a Digimon Survive, labari ne ko yaƙi?

Lawali: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da yamma daga nan Maradi. Ni ne Lawali, ina tare da Hadiza da ƙanenmu Sani. Yau Digimon Survive za mu sa a gaba, wasan da Bandai Namco ya fitar a watan Yuli na 2022. Gargaɗi tun da wuri: za mu taɓa sirrin labarin, wanda bai buga ba ya san inda zai toshe kunne.

Sani: Yaya Lawali, ni fa ka bar ni in fara da ƙorafi. An ce mini wasan dabarun yaƙi ne. Na zauna, na kama manet, sai ga rubutu. Na danna, rubutu. Na sake dannawa, wani rubutun.

Hadiza: To ai ba su ɓoye maka ba. Shi kansa furodusan, Kazumasa Habu, ya faɗa tun kafin wasan ya fito cewa kusan kashi 70 cikin ɗari labari ne da ake karantawa, kashi 30 yaƙi. Kai ne ka shiga kasuwa ba ka tambayi farashi ba.

Lawali: Hadiza, ki ɗan warware wa masu sauraro, don mafi yawan ƴan fada a nan ƙwallo kawai suke bugawa a Play.

Hadiza: Irin wasan nan ne da hotunan mutane ke fitowa a allo, suna magana, kana karantawa, lokaci-lokaci a ba ka zaɓin abin da za ka ce. Kai ne Takuma, ɗan lakwal da ya tafi zangon hutu tare da abokansa. Suka je wani tsohon wurin bauta a daji, sai suka tsinci kansu a wata duniya mai hazo. Kowane yaro ya samu dodonsa: Takuma da Agumon, Aoi da Labramon, Minoru da Falcomon, haka dai. Muryoyin da Japananci suke, amma akwai rubutun Faransanci da na Ingilishi.

Sani: Wanda karatun Faransanci ke ba shi ciwon kai, ya haƙura kawai.

Hadiza: Wannan kam gaskiya ne. Amma ga abin da ya kama ni. A yawancin wasannin kiwon dodanni, ka tara maki, dodo ya girma, shi ke nan. A nan halinka ne ke rainonsa. Amsoshin da kake bayarwa suna taruwa gida uku: gaskiya da adalci, sulhu, ko zafin rai. Idan adalci ya rinjaya, Agumon ya zama Greymon. Idan sulhu ne, Tyrannomon. Idan zafin rai ne, Tuskmon. Ba a kanti kake zaɓa ba, bakinka ne ya jawo.

Lawali: Kamar mai kiwon jar akuyarmu ta Maradi ke nan, da ka ga dabbar ka san irin hannun da ke riƙe da ita.

Hadiza: Kuma sun kai abin har ƙarshensa. Dubi Shuuji. Yaro ne da tsoron mahaifinsa ya cika masa ciki, yana ganin dole ya zama shugaba, ga shi ba ya iyawa. Sai ya riƙa sauke haushinsa a kan Lopmon, ɗan ƙaramin dodon da ba ya ko ɗaga murya. Yana zaginsa, yana hantararsa. Ranar da Lopmon ya rikiɗe, Wendigomon ya zama, ya cinye mai shi. Wallahi na ajiye manet na yi shiru. Wanda ya san Digimon a matsayin zanen yara na 1999 bai taɓa zaton haka ba.

Sani: Ban musa ba, wurin ya yi zafi. Amma Yaya Hadiza, ki faɗa musu sauran. A bugu na farko, ko me ka yi, ba za ka ceci Shuuji ba. Ryo, wani daga cikin yaran, shi ma haka, ya ma riga Shuuji mutuwa. Wasan yana ta nuna maka cewa zaɓinka ne ke raya mutum ko kashe shi, alhali an riga an rubuta. Sai ka gama wasan gaba ɗaya, ka sake farawa, sannan a buɗe maka hanyar ceton su da ƙarshen labari na gaskiya. Wa ke da wannan lokacin? Ga kuran da ke zuwa yana tafiya.

Hadiza: Ni ina ganin da gangan ne. Sai ka ɗanɗani rashin, sannan ceton ya yi ma'ana.

Sani: Da gangan ko ba da gangan ba, maimaita sa'o'i masu yawa na hirar da ka riga ka karanta wahala ce. Kuma yaran nan akwai maimaita magana! Abu ya faru a gabanka, sai kowa ya sake ba ka labarinsa ɗaya bayan ɗaya.

Lawali: Nan kam ina bayan Sani. Farkon wasan yana jan ƙafa sosai. To mu zo ga yaƙin, tunda shi ne fagenka.

Sani: Ginin ba laifi. Fili ne mai gida-gida, kowa da layinsa. Idan ka sari abokin gaba ta gefe ko ta baya, ka fi yi masa illa. Akwai jinsi uku masu cin juna: Vaccine na cin Virus, Virus na cin Data, Data na cin Vaccine. Abin da na fi so shi ne rikiɗa. Dodon abokin tafiyarka zai iya girma a tsakiyar yaƙi, amma kowane zagaye yana shan ƙarfinsa, don haka sai ka lissafa yaushe za ka ɗaga shi, yaushe za ka mayar da shi ƙarami. Matsalar, wasan ba ya matsa maka ka yi wannan lissafin. Filayen kusan iri ɗaya ne, abokan gaba ba su da wayo, rabin lokacin tafiya kake kafin ka isa gare su. Da ka samu dodo ɗaya mai ƙarfi, ya share fili. Har akwai inda za ka danna wasan ya yi yaƙin da kansa. Wanda ya saba da wasan dabarun yaƙi irin Fire Emblem zai yi hamma.

Lawali: Kama sababbin dodanni fa?

Sani: Hira ake yi da su. Dodo ya yi maka tambaya, ka zaɓi amsar da za ta yi masa daɗi, sannan ka roƙe shi ya bi ka. Ko ka amsa daidai, yana iya ƙi, don sa'a ce. Da farko abin dariya ne, daga baya sai ka ga haddar amsa kawai kake.

Hadiza: Kuma waɗanda ka kamo ɗin ba su da wani matsayi a labarin. Nan na yarda an yi sakaci. Zuciyar wasan tana wurin yaran da dodanninsu na asali. Idan ka kula da Aoi ko Minoru a lokacin hira, shaƙuwarku ta ƙaru, sai ka ga sun kawo maka ɗauki a fagen yaƙi, dodanninsu kuma su samu sabuwar rikiɗa. Wurin nan ne kawai labarin da yaƙin suke riƙe hannun juna da kyau.

Lawali: An sanar da wasan tun 2018, aka yi ta ɗage shi, har aka canza kamfanin da ke gina shi, Hyde ya ƙarasa. Ina jin shi ya sa ɓangaren yaƙin ya fito kamar bai gama nuna ba. To, mutum ya zo da jikkunansa, ya saya ko ya bari?

Hadiza: Idan yana son labari mai nauyi kuma karatu ba ya gundurarsa, ya saya. Yana kan PS4, Switch, Xbox One da kwamfuta. Amma kada a miƙa wa ƙaramin yaro don an ga zane mai kyau a kwali.

Sani: Ni kuwa na ce ya ara wurin aboki tukuna. Idan ya kai wurin da Ryo ya ɓace bai gaji ba, to nasa ne. Kuma ya sa yaƙin a mataki mai wuya tun daga farko.

Lawali: Kun ji su. Sani, zuba mana shayin nan kafin ya huce. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.